Tambayoyin A'i

Jigwada, Keffi
7 ga Yuli

Yaya Judit,

Na san da gaisuwa ake farawa, amma in na fara da ita zan cika takardar da labarin ƙafar Mama, in rufe ban faɗi abin da ya zaunar da ni ba. To ga shi. Tambayoyin nan da nake rubuto miki tun watan Maris, waɗanda kika ce har abokan aikinki kin karanta wa, ba nawa ba ne. Ko ɗaya. Na A'i ne, ƙawata da muke benci ɗaya a aji, 'yar Malam Abdulrahman tela na Angwan Iya, wanda ko waya bai yarda ta riƙe ba. Ban taɓa gaya wa kowa ba, ita ma ban gaya mata ba.

Lokacin hutun tara nakan karanta mata wasiƙunki, don ta san ina da yaya mai binciken gajimare a ƙasar ƙanƙara. Can sai ta jefo tambaya. In ce ban sani ba, in dawo gida in rubuta miki kamar ni na yi tunaninta. Har wadda kika fi so, wai me ya sa tururin tukunya ya fi fari da kauri a murhun itace fiye da na kan gas, a kicin ɗin mamarta ta gani. Ni ko tukunyar na tsaya a kai, hankalina yana cikin littafi. Kika rubuto, "Ƙanwata tana da kai." Layin nan na karanta shi ya fi sau hamsin.

Da ba zan faɗa ba. Amma kin ce akwai shirin 'yan mata masu son kimiyya a Abuja, an ba ki damar tsaya wa mutum ɗaya, kuma sunana za ki sa. Tun ranar nake ganin kaina a gaban mutane an ce in yi bayanin tururi, ni kuma ina kallon takalmina. Ban ce ki fasa ba fa. Na dai ce ki sani.

Yanzu gaisuwa. Ina fata kina lafiya, sanyin jirgin ruwan bai yi miki yawa ba. Ƙafar Mama da sauƙi, sai in an yi ruwa take damunta. Baba yana Gitata wajen doya tun Talata. Wannan wasiƙar ma da wayar Mama zan ɗauki hotonta in turo, in goge, kamar kullum.

Waye Nelson da kika ambata sau biyu? Yana da tsayi?

Ƙanwarki,
Vera

Cikin jirgi, Tekun Arewa
13 ga Yuli

Auta,

Ina gaishe ki, ki gaida Mama da Baba. Lafiyata lau, sai leɓe da ya tsage. Mama a saƙonta ta ce min ƙafar ta warke sarai, ashe ke ake gaya wa gaskiya, ni a ba ni labarin baƙi.

Na yi fushi na kwana ɗaya, ya wuce. Abin da kika yi ba kyau, amma faɗar da kika yi ba kowa zai iya ba. Mun rufe wannan.

To wace ce wannan A'i? Kin san abin da ta gani a tukunyar mamarta shi ne aikina gaba ɗaya? Ɗigon gajimare ba ya haɗuwa haka kawai, sai ya sami wata 'yar ƙwaya a cikin iska ya kama jikinta, gishirin teku ko baƙin hayaƙi. Hayaƙin itace cike yake da su, shi ya sa tururin yake samun wurin kamawa ya yi fari. A Keffi, iska daidai girman dunƙulen sukari tana ɗauke da dubbai. Nan jiya na'urarmu ta ƙirga tara. Tara kacal. Iskar ta jiƙe sharkaf, gajimaren ya kasa tsayawa, muna kallo ya watse. Kuma gajimaren nan kamar bargo yake a kan ƙanƙara, in ya yi kauri yakan riƙe mata zafi ta narke. Aikina in koya wa kwamfuta ta yi hasashen wannan, don har yanzu kuskure take yi. Ni sai da na kai shekara ashirin da huɗu na san in yi wannan tambayar. Yarinya 'yar sha shida ta yi ta tana jiran masa ta nuna.

Ga shafi uku na rubuta mata, ki fitar a shagon kwamfuta ki kai mata, tunda kin ce babanta bai yarda ta riƙe waya ba. Ki turo min cikakken sunanta da sakamakonta na zangon da ya wuce. Ke ma kin san maganar Abuja ita ta dace da ita.

Nelson yana da tsayi, yana da furfura da jikoki biyar. Shi ke sakin balan-balan ɗin awon yanayi. Ki rage karatun littattafan soyayyar nan.

Yayarki,
Judit

Jigwada
21 ga Yuli

Yaya Judit,

Gaisuwa mai yawa. Kowa lafiya. Baba ya dawo da mura, ya ce ruwa ne ya dake shi a hanyar Gitata. Mun gama jarrabawa, na zo ta goma sha ɗaya. Ba sai na gaya miki wadda ta zo ta ɗaya ba. Sunanta A'ishatu Abdulrahman, sakamakon yana hoto na biyu.

Na kai mata shafukan. Uku cif, gaba da baya in an fitar. Nawa ɗaya da rabi, kuma rabin ma maganarta ce. Ba ƙorafi nake ba, na ƙirga ne kawai.

Ban iya gaya mata yadda aka yi kika san ta ba. Na ce na ba ki labarinta. Ta karanta a tsaye a bakin shagon babanta, ta sake karantawa, sannan ta rungume ni har keken ɗinkin ya tsaya, Malam ya leƙo yana tambayar ko lafiya. Da ta yi masa maganar Abuja ya ce shi ba ya aiki da an ce, in takarda ta zo da sa hannu ya gani da idonsa, zai yarda.

Yanzu kullum da la'asar tana gidanmu, wai ko saƙo ya shigo. Mama ta fara ajiye mata gyaɗa dafaffiya. Shekaranjiya na ji Mama tana gaya wa matar fasto cewa Judit ta samo wata yarinya irinta a Keffi. Ina tsaye riƙe da tire a lokacin. Hotonki mai babbar riga ja da ke falo, A'i ta tsaya a gabansa ta daɗe, har ta goge gilashin da bakin hijabinta. Ni nake goge hoton nan kowace Asabar tun da kika tafi.

A littattafan da kika ce in rage, in baƙuwa ta shigo gida kowa ya koma sonta, daga baya akan gano muguwa ce. Na yi ta jira. A'i ba ta da mugunta ko kaɗan, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Ga sabuwar tambayarta, da sunanta a kai wannan karon. Wai in hayaƙin gobarar daji ya kai can wurinku, ɗigon suka yi yawa suka raba ruwa ɗaya, kowanne ba zai ƙanƙance har ya kasa faɗowa ba?

Ni ba ni da tambaya. Kina cin abinci sosai?

Vera

Cikin jirgi
28 ga Yuli

Auta,

Gaisuwa a gaggauce, minti goma aka ba kowa yau. Ki ce wa Baba ya sha citta. Ta goma sha ɗaya ba laifi, amma lissafin fa?

Ki gaya wa A'i tambayarta ta shiga aiki. Kowane gwaji da nake yi a kwamfuta sai na sa masa suna, don lambobi suna rikita ni, kuma sunayen gida nake sawa. Wanda na ƙara wa gishirin teku sunansa Baba. Wanda na zuba wa hayaƙin gobarar daji jiya na sa masa A'i, kuma abin da ta zata shi ya faru, ɗigon suka ƙanƙance, gajimaren ya ƙara kusan yini guda bai watse ba. Shugabar ayarinmu ta zo ta tsaya a bayana tana kallo, ta tambayi ma'anar sunan.

Ke ma kina ciki tun farko. Vera shi ne wanda ban ƙara masa komai ba, ban rage ba. Ba abin da nake sa ya faru a cikinsa.

Za mu ƙara yin arewa. Sai na sake samun hanya.

Judit

Jigwada
4 ga Agusta

Yaya Judit,

Ina gaisuwa. Kowa lafiya, murar Baba ta tafi.

Na gaya wa A'i. Ta rufe fuska da hannu biyu, ta ce in sake karanta mata wurin shugabar. Na karanta. Sai ta tambaye ni ko ni ma akwai nawa, na ce ba ki ambata ba.

Na gode da aka sa ni. Na fahimta. Baba yana da gishiri, A'i tana da wuta da hayaƙi har manya suna zuwa kallo, ni kuma wadda ba a ƙara mata komai ba, ba abin da ke faruwa a cikinta. Gaskiya ne, ban musa ba. Haka nake a aji, haka nake a ƙungiyar mawaƙan coci, layin baya kusa da taga. Ban dai zaci har can ƙarshen duniya an sani ba.

Ba sai kin ɓata mintinki goma a kaina ba. Ki rubuta wa A'i kawai, zan kai. Aikin da na iya ke nan.

Vera

Jigwada
18 ga Agusta

Yaya,

Sati uku ke nan shiru. Kowa lafiya, amma Mama ta sa an yi miki addu'a a coci yau, ta ƙi cin tuwo. Na ce mata sabis ne, kin faɗa za ku yi arewa. Ni kaina ban sani ba ko sabis ne ko wasiƙata ce.

In ita ce, ban janye ba, amma ki amsa. Ko zagi ne.

An yi ruwa kwana uku a jere, katangar bayan gida ta tsage. Jiya hadari ya taso ta gabas baƙi ƙirin, na tsaya ina kallo ko wata tambaya za ta zo min. Abin da ya zo min kawai shi ne ya yi kama da mutum mai rawani yana sunkuyo wa wata. Kin gani ko.

Vera

Cikin jirgi
24 ga Agusta

Vera,

Ina nan da raina, ki fara gaya wa Mama wannan. Mun shiga inda saƙo ba ya kaiwa, yau muka ɗan fito, wasiƙunki biyu suka shigo tare. Na karanta ta biyu kafin ta farko, na yi dariyar mai rawani, sannan na buɗe ɗayar dariyar ta tsaya.

Ke wace irin yarinya ce? Gwajin da ba a taɓa komai a cikinsa ba, shi ake fara yi, shi ake ajiyewa, da shi ake auna sauran duka. In na ce gajimaren A'i ya ƙara yini guda, a kan wa ya ƙara? A kan Vera. Wata biyar na yi ina gyara shi kafin mu taso, kowace safiya shi nake fara buɗewa. Ranar da kwamfutata ta jiƙe, shi kaɗai na yi kuka a kansa, har Nelson ya ba ni hankicinsa. Na rubuta miki layi biyu cikin sauri, ke kuma kika gina babi guda a kai.

Kuma tunda ana ƙirga shafi, ni ma ina ƙirgawa. Ke ce kike zama kusa da Mama in ƙafar ta tashi, ke kika san katanga ta tsage. Ni sai abin da kika ga dama kika rubuto. Wata biyu ban ga duhun dare ba, ban ga ganye ba, kina ganin A'i ce za ta ba ni labarin gida?

Yanzu aiki. Ga wasiƙar shaidar A'i, na sa hannu, shugabarmu ma ta sa. Ki fitar, ki kai wa Malam Abdulrahman ya gani, A'i ta haɗa da fom ɗinta ta ba Malam Jethro mai koyar da ku kimiyya. Shi zai kai Abuja da hannunsa, kuma ranar Juma'a 6 ga Satumba ake rufewa. Gobe za mu koma cikin ƙanƙara, ba za ki sake ji na ba sai tsakiyar Satumba, don haka ba ni da wata hanya sai ke. Ba don kin iya aike na ba ki ba, don ke ce tawa.

Judit

Jigwada
4 ga Satumba

Yaya Judit,

Ina gaishe ki, ko da yake na san wannan za ta zauna a hanya har ku fito. Mama ta ci abinci tun da ta ji kina lafiya. Baba ya gyara katangar. Ni ce dai ba lafiya ba, kuma ba ta jiki ba.

Na karanta bayaninki. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba, wurin hankicin har na yi hawaye. Amma da na kwana na tashi sai na ga ai mudu ma da shi ake auna komai a kasuwa, kuma ba wanda ya taɓa zuwa kallon mudu. Abuja dai A'i za ta.

Ranar Litinin 26 na je shagon kwamfuta na fitar da wasiƙar. Mai shagon ya karanta kan takardar ya ce kai, wannan yarinya ta yi sa'a, ke ce? Na ce e. Na dawo gida na goge ta daga wayar Mama, har cikin kwandon shara na bi na goge. Takardar na ninke na sa a tsakiyar littafin da nake karantawa, na tura ƙarƙashin katifa. Ban yi niyyar yagawa ba. Ban yi niyyar komai ba. Na dai so ta zama a hannuna kwana ɗaya, a ce akwai abu ɗaya na wajenki da A'i ba ta sani ba. Kwana ɗaya ya zama tara.

Kullum tana zuwa, kullum in ce shiru. Ta cike fom ɗinta tun tuni da biro baƙi, ta sa a leda don kada ruwa ya taɓa. Malam Jethro ya aiko sau biyu. Babanta ya ce mata daman ya san maganar nesa haka take ƙarewa, ta cire rai. Ranar Lahadi ba ta zo ba, Litinin ma haka, kuma na ji sanyi a raina. Wannan ma ki sani.

Jiya ta zo da takarda a ninke, ta ce in an sami hanya in tura miki. Ba ta zauna ba, gyaɗar ma ba ta taɓa ba. Na karanta, kin san zan karanta. Haƙuri take ba ki. Wai ta san ta dame ki da tambayoyi shi ya sa kika yi shiru, kuma ba ta riƙe ki da komai ba, shafi ukun nan ma sun ishe ta. Sai a ƙasa ta rubuta wannan, na kwafo miki yadda yake: "Don Allah kada ki ga laifin Vera a kan tambayoyin farko. Na san tana turo miki su da sunanta tun ranar da ta karanta min amsar tururi. Ban yi magana ba don ina tsoro in na yi ta daina karanta min wasiƙunki."

Wata biyar ta sani, Yaya. Tana zaune kusa da ni, muna raba awara, tana ba ni aron ruler ɗinta.

Na ciro wasiƙar na shimfiɗa a gado. Kin rubuta kwanan wata a sama da manyan baƙi, 24 ga Agusta. Duk wanda ya gani ya san ba yau ta zo ba, balle A'i da ba abin da ke wuce idonta. Na ɗauko almakashin Mama na gwada, in na yanke saman sai tambarin jirgin ya tafi tare, takardar ta lalace. Na yi tunanin in ce sabis ne ya riƙe ta. Za ta yarda, ko ta yi kamar ta yarda, ta ƙara wannan a kan wancan ta yi shiru. Shirun nata ne ba zan iya ɗauka karo na biyu ba.

Kishin bai tafi ba. In ta tafi Abuja zan ji haushi, in ta dawo tana ba da labari zan ji wanda ya fi. Wataƙila bayan yau ba za ta so zama benci ɗaya da ni ba, kuma Malam Abdulrahman zai kalle ni ta saman tabaransa. Mama ma za ta ji, Keffi ba ta da girma.

Yau Laraba. In Malam ya gani kafin magariba, gobe da safe fom ɗin yana hannun Malam Jethro, akwai sauran kwana ɗaya. Ruwa ya ɗauke yanzu, ƙarfe huɗu saura. Na goge ninkin da dutsen guga mara zafi sosai, na sa takardar a leda. Ba zan aika kowa ba, da ƙafata zan je Angwan Iya, in ba ta a hannu, kwanan watan yana sama. In ta tambaye ni yaushe ta zo, zan ce Litinin ɗin makon jiya.

Ƙanwarki,
Vera